Rigar da Orfelina Ta Shanya a Jikinta

Tun da aka gama cire dankali Orfelina ta fara aikin rigar aurenta, kuma babu wanda bai sani ba a tsibirin nan, don ba ta da wata hira sai ita. Ni ce maƙwabciyarta, shinge ɗaya ya raba mu. Ita ta riƙe ɗana na fari ranar baftismarsa, shi ya sa tun daga ranar muka daina kiran sunan juna, comadre kawai muke cewa, ko muna shiri ko muna faɗa. Faɗan ya fi yawa.

Shekara ashirin da wani abu ke nan suna zaune da Belarmino. 'Ya'yansu huɗu, duk sun girma sun tafi birni, amma ba a taɓa ɗaura musu aure a coci ba. Ba ƙi suka yi ba. Fada, limamin cocin, sau ɗaya yake zuwa mana a shekara, cikin kwalekwale, lokacin bikin waliyyinmu, shi kuwa Belarmino a daidai wannan lokacin yana can kudu yana aske tumakin mutane. Kowace shekara sai a ce baɗi. Bana bayansa ya ƙi, ba ya iya sunkuyawa a kan tunkiya, ya dawo gida ya zauna yana hana kaji sakewa. Sai Orfelina ta ce to, tunda ga ango ga fada za su haɗu a wuri ɗaya, a yi a huta.

Mu duka nan saƙa muke yi. Hula, safa, rigar sanyi, mu tara mu aika kasuwar Dalcahue a sayar wa baƙi. Amma a cikinmu babu mai idon Orfelina. Mutum zai sauko daga jirgi, ta kalle shi sau ɗaya daga nesa, ta saƙa masa riga, ya sa ta zauna masa kamar da ita aka haife shi. Ba ta taɓa riƙe abin awo ba, taƙin hannunta da idonta sun ishe ta. Ita kanta kuwa tsofaffin rigunan Belarmino take sawa, waɗanda suka saki suka zama buhu, ta naɗe hannuwan ta ɗaura zanen girki a kai. Ban tuna ranar da na gan ta cikin tufar da aka yi dominta ba.

Da ta ware ulun tunkiyarta mafi fari, na ce mata ta kira gayya. Haka muke yi, mai ulu da yawa ta dafa abinci, mata su taru kowa da mazarinta, kafin rana ta faɗi an kaɗe shi tas, an sha hira, an ci naman wadda ba ta zo ba. Ta ce a'a. Ita za ta wanke, ita za ta kaɗa, ita za ta saƙa, kuma siririn zare take so irin wanda ba ma yi wa kasuwa saboda ɓata lokaci. Na ce mata taurin kai ne. Ta ce ta ji, in wuce da mazarina.

Haka ta kwashe watannin sanyi. Ba wai ta ajiye aikin kasuwa ba ne, ciki ba ya jiran biki. Da rana ta saƙa hulunan baƙi, ta duba tumaki, ta faskara itacen da mijin ba ya iya faskarawa, abin da ya rage na haske ta ba rigar. Wuyan hannunta na dama ya kumbura, ta ɗaure shi da tsumma. Sau da yawa nakan leƙo ta taga in same ta ta yi barci a zaune, tsinkayen saƙa a hannu, baki a buɗe, zaren ya gangara ƙarƙashin murhu. Tana ba ni haushi, tana ba ni tausayi, na rasa wanne ya fi.

Zanen a kanta yake, ba a takarda ba. Ta bakin shinge take faɗa mini shi kaɗan-kaɗan: furen dankali a gindin rigar, igiyar ruwa daga gwiwa zuwa ƙugu, ƙirjin kuma saƙa mai ƙananan huji. Wani lokaci ta saƙa aikin mako guda, ta kalle shi, ta warware. Ba ta nuna wa kowa ba. Kuma ba ta gwada ba, don a wajenmu amarya ba ta sa rigarta kafin ranar, kowa ya san wannan. Da ta gwada tun da wuri da ba ni da labarin bayarwa.

Ana jibi biki ta kira ni. Ana yayyafi, na rufa buhu a kai na tsallaka.

"Shigo ki gani, comadre, amma hannunki a baya."

"Sata zan yi?"

"Na san ki. Ba kya ganin saƙa ki ƙyale, sai kin tono laifi."

Ta shimfiɗa ta a kan teburin cin abinci, bisa farin zane. Ni ba mai yabon aikin wata ba ce, amma sai da na tsaya. Shekaru ina saƙa, ban taɓa ganin ulun tumakinmu ya yi laushi haka ba. Furannin nan kamar ka tsinka. Na bi ta da ido daga gindi zuwa sama, ina jin daɗi, har na iso ƙugu. Nan daɗin ya tsaya. Na kalli rigar, na kalli mai rigar, na sake kallon rigar.

"Faɗi," in ji ta. "Bakinki yana motsi."

"Wa za ta sa?"

"Wane irin wa za ta sa?"

"Comadre, wannan ko cinyarki ɗaya sai an yi addu'a."

Ta yi dariya, a zatonta tsokana ce irin tawa. Ta ce taƙi huɗu ne a ƙugu, ba ta rage ba ta ƙara ba, haka mahaifiyarta ta auna ta. Na ce yaushe? Ta fara ƙirga shekarun da yatsu. Mahaifiyarta ta auna ta ne shekarar da aka fara cewa za a yi auren, kafin cikin fari.

Ta ɗauki ragowar zare ta zagaya shi a ƙugunta, a kan tsohuwar rigar Belarmino. Na ce ta ɗaga rigar, kada ta zalunci kanta. Ta ɗaga, ta sake zagayawa, ta riƙe wurin da zaren ya haɗu da farce, ta ninka shi biyu ta ɗora a kan ƙugun rigar auren. Zaren ya wuce, ya sauka gefen tebur yana lilo. Matar da ba ta taɓa kuskuren jikin baƙo ba, ga shi nata ya kufce mata. Ta jawo kujera ta zauna a hankali, ta ɗora kumburarren hannun a cinya.

"Ba komai," na ce. "Yanzu zan zagaya gidaje. In mu shida muka zauna, kowa ta saƙa ƙyalle, a buɗe gefe da gefe a ƙara. Gobe da yamma an gama. Ragowar zarenki zai isa."

"A'a."

"To ki saƙa da kanki."

Ta ɗaga hannun ta nuna mini. Yatsun ma ba sa rufuwa.

"To mene ne? Ki ari ta 'yar tsohuwar nan doña Baldovina, tana nan a akwati."

"Na ce a'a, comadre." Ba da faɗa ta yi maganar ba, da gajiya ta yi ta. "Tun ina yarinya nake saƙa. Duk abin da hannun nan ya yi, wani ya sa ya hau jirgi ya tafi da shi. Ban san inda ko ɗaya yake ba. Abu ɗaya na ce zan yi wa kaina, daga tunkiya har maɓalli, ba hannun kowa a ciki. Idan kuka sa hannu ta zama kayan kasuwa. Gara in shiga cocin da rigar Belarmino."

"Sai ki shiga. Shi kuma ya sa wannan, ai ya fi ki ƙugu."

Ko murmushi ba ta yi ba. Na ɗauki buhuna na fita ina masifa, na bar mata ƙofa a buɗe da gangan. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na san ba ita ta ɓata shi ba, watannin nan ne da na ga ta zuba a banza.

Washegari da safe na fito ba kaji hatsi, sai ga Belarmino zaune a kan kututture bakin shinge, da bargo a kafaɗa da butar shayinsa, yayyafi yana sauka a hularsa.

"Belarmino, lafiya? An fara korar ka tun ba a ɗaura ba?"

"An kore ni, comadre. An ce in kwana a rumbun dankali. Tun asuba take dafa ruwa kamar za a fige kajin tsibirin nan duka. Ta ce in kin fito in ce ki zo, kuma ki bar bakinki a gida."

Na shiga da bakina. Ɗakin ya cika da tururi da warin jiƙaƙƙen ulu. Ta tsoma rigar a bahon ruwa mai ɗumi, ta tsame, ta naɗe ta cikin tawul ta matse. Ita kuma tana tsaye daga ita sai 'yar shimi. Nan take na gane abin da take nufi. Duk mai saƙa ta san jiƙaƙƙen ulu yana miƙewa, ya bushe a yadda aka bar shi. Muna yi wa hula a kan tukunya, muna yi wa safa a kan katako. Ban taɓa jin an yi a kan mutum ba.

"Kin haukace. Sanyi zai kama miki ƙirji, mu yi jana'iza maimakon biki."

"Fada ai yana nan, ba sai an sake kiran sa ba."

"Kuma amarya ba ta sa riga kafin ranar."

"Wace tsiya ce ta rage da ba ta same mu ba? Zo ki ja. Ba saƙa na ce ki yi ba, ja kawai."

Mun sha wuya. Kai ya shiga, kafaɗu suka tsaya. Na kama nan ta kama can, muna ja kaɗan-kaɗan da tafin hannu don kada farce ya tsinka zare. Ta riƙe numfashi har fuskarta ta yi ja. A ƙirji na ji wani zare ya yi ƙara, muka tsaya cak, muka duba, bai tsinke ba. A daidai tumbi ne aka yi yaƙin gaske. Na durƙusa ina jan gindin rigar ina zagin tunkiyar da ta ba da ulun, ita tana cewa in yi a hankali da furanninta. Da ƙyar ta sauka. Ta tsaya tana haki, ruwa yana bin ƙafafunta, haƙoranta suna kaɗawa.

Daga nan sai tsayuwa. Ba halin zama, in ta zauna rigar za ta yi jaka a baya da gwiwa, ta bushe a haka. Ba halin matsawa kusa da wuta sosai, farin zai koma rawaya. Ba halin sauke hannuwa gaba ɗaya, hammata ba za ta bushe ba. Sai ta tsaya ɗan nesa da murhu, hannuwa a ɗage kaɗan, tana juyawa a hankali kamar kifin da ake ƙyafewa. Ni kuma aikina in ƙara itace, in ɗura mata shayi mai zafi a baki, in riƙa jan wuraren da suka matse. Tururi yana tashi daga jikinta.

Yadda rigar ke buɗewa a faɗi, haka take raguwa a tsawo. An saƙa ta ta taɓa ƙasa, kafin tsakar rana ta hau ƙwauri. Hujin ƙirjin ya buɗe, igiyar ruwan nan ta miƙe ta yi faɗi a kan cikinta. Na ce mata tsawon ya tafi. Ta ce daman cocin laka ce hanyarsa.

Belarmino ya zo ya ƙwanƙwasa.

"Tsohuwa, kina da rai?"

"Kada ka buɗe."

"Ban buɗe ba. Abinci fa?"

"Ka ci dankalin da kake gadi."

"Ɗanye?"

"Shekara nawa kana dafa wa kanka a kudu? Ko wata ke dafa maka?"

Sai muka ji takunsa ya yi gaba. Can ya dawo, ya ce ta bayan ƙofa wai in ta ga abin zai yi mata illa ta bari, shi ko da buhu ta zo zai ce ya yarda. Ta ce ya tafi ya ba mutane wuri. Amma na ga ta juya fuska wajen bango ta daɗe ba ta waiwayo ba.

Bayan azahar ƙafafunta suka kumbura. Na kawo mata sandar tsintsiya ta dogara. Da wannan ta gaza na ba ta kafaɗata, muka tsaya tare, ni ma bayana yana ciwo. Hira ta ƙare mana. Sai ƙarar itace a wuta da ruwa a kan rufin kwano. Sau biyu ta yi gyangyaɗi a tsaye, na girgiza ta.

"Comadre," na ce, "tsakani da Allah, auren nan kina son sa kuwa?"

"Aure ai an yi shi tuntuni. Na wanke, na dafa, na haifa, na jira jirgi. Me ya rage?" Ta gyara tsayuwa. "Rigar nake so. Ita ma yanzu ban sani ba. Na gaji ne kawai, ina so in ga ƙarshenta."

Kafin rana ta faɗi ta bushe, sai ɗan danshi a kabu. Na ce ta cire ta huta. Ta ƙi, wai in ta fita ba lallai ta koma ba. A cikinta ta kwana, miƙe a rigingine a kan gado, ba ta juya ba. Haka ta faɗa mini da safe, da muryar da ta riga ta dushe.

An ɗaura. Ta tafi cocin da takalmin roba, ta canza a bakin ƙofa. Mata suka bi ta da ido, kowa tana ƙirga saƙar a zuciya, don mu ko a gaban gawa sai mun duba rigar sanyin mai makoki. Doña Baldovina, wadda ba ta taɓa yabon ko jikanta ba, ta taɓa ni da gwiwar hannu ta ce ba ta san yadda aka yi ta zauna mata haka ba, ko ɗinki ba ya yin wannan. Ban gaya mata ba. Da fada ya yi tambayarsa, tari ya sarƙe Orfelina, sai da aka jira ta. Belarmino ya tsaya a karkace saboda bayansa, yana murza hula. Aka ci, aka sha, aka yi kiɗa. Ta yi rawa sau ɗaya don kada a ce, sannan ta nemi benci ta zauna, zaman da ta yi kwana biyu tana bin bashinsa. Kafin a watse barci ya ɗauke ta, kanta a jikin bango.

Kashegari da hantsi na je karɓar tukwanena da na ba ta aro don bikin. Fada ya tafi, 'ya'yan sun bi jirgin safe, gidan ya koma shiru. Belarmino yana waje yana faɗa da kaji. Na same ta a ɗakin kwana, zaune a bakin gado, ta koma cikin tsohuwar rigar mijin, da tsumma a wuya.

Rigar auren tana shimfiɗe a kan gadon. Ba ta kwanta ba yadda tufa ke kwanciya. Ulun ya riƙe duk abin da aka ba shi. Ga tudun ciki, ga ƙirji ya sauko ƙasa, ga faɗin ƙugu. Kafaɗar dama ta fi ta hagu sauka, wadda take ɗaukar itace da ita. Bayan wuyan ya ranƙwafa gaba, irin na mai sunkuyawa a kan saƙa. Hannun dama ya fi faɗi a wuyan hannu, daidai inda kumburin yake.

"Tukwanenki suna kicin," in ji ta, ba ta ɗago ba.

"Na gani. Yaya tarin?"

"Yana nan."

Na tsaya a ƙofa.

"Da baƙuwa ce ta sauko daga jirgi da wannan jikin," ta ce, "kallo ɗaya zan yi mata in san komai. 'Ya'ya nawa, wane aiki, wace kafaɗa." Ta miƙa hannu ta shafa ranƙwafaffen wuyan rigar, a hankali, yadda ake shafa mara lafiya. "Dubi yadda ta gaji, comadre. Baiwar Allah. Kuma ba wanda ya taɓa ce mata ta zauna."

Na ajiye maganar tukwane. Na shiga na zauna kusa da ita a bakin gadon, muka yi ta kallon matar.